Bayan igiya uku: kisan wuta ba ya dawo da mata

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a jaridarku mai farin jini kan wata soyayya da ba ta tsirowa sai bayan ta haramta. Magidanci zai yagi takarda daga littafin makarantar ɗansa ya rubuta "na sake ki saki uku", a loda gado da kwanuka a a-kori-kura. Kafin wata ya zagayo sai ka gan shi bayan isha'i yana rakuɓe a ƙofar gidan surukai. Matar da shekara goma bai yaba miyarta ba, yau ta yi lalle tana zawarci, ta hana shi barci. Ita ba ta canza ba. Hannunsa ne ya daina kai wa gare ta.

Daga nan ake fara yawon neman fatawa. A mazhabar Malikiyya, wadda kotunan shari'armu suke bi, saki uku a kalma ɗaya uku ne. Ibn Taimiyya ya ce ɗaya ne, akwai kuma malamanmu da ke kan wannan, shi ya sa mutum ke tashi daga wannan zaure zuwa wancan har ya ji abin da yake so. In hakan bai ɓulle ba, sai wani ya raɗa masa a nemo ɗan kisan wuta, wato wanda zai aure ta ya sake ta don ta halatta gare shi.

Aya ta 230 a Suratul Baƙara ta ce ba ta halatta gare shi sai ta auri wani miji. Aure ake nufi na gaske: ta gama idda, tsarki uku ko wata uku ga wadda ba ta jini, a ɗaura da waliyyi da sadaki da shaidu, mijin ya zama baligi, a kuma sadu. Matar wani sahabi, Rifa'a, da ya yi mata saki uku ta auri wani, ta so komawa gidan Rifa'a kafin su sadu da sabon mijin, Annabi (SAW) ya hana ta har sai ta ɗanɗani zumar sabon mijin, shi ma ya ɗanɗani tata. Bayan nan sai ya sake ta don raɗin kansa ko ya rasu, ta sake wata iddar. Iddodin biyu kaɗai sun kusa cinye wata shida.

Inda ake tafka kuskure shi ne niyya. A Malikiyya niyyar miji na biyu ake dubawa. Idan ya shiga ne don ya share wa na farko hanya, auren ɓatacce ne, ana raba shi ko an tare ko ba a tare ba, kuma bai halatta ta ga na farkon ba. Wato an biya kuɗi, an zubar da mutuncin 'yar mutane, igiya kuma tana nan a tsinke. Hadisi ya la'anci mai yi da wanda aka yi dominsa, wata ruwayar ma ta kira shi bunsurun aro.

Ga kuma abin da masu shirin ba sa lissafawa. Da zarar an shafa fatiha, igiya tana hannun bunsurun. In gari ya waye ya ce shi fa ya ga mata, babu alƙalin da zai tilasta masa saki saboda alkawarin da aka ƙulla a ɓoye, wanda shi tsohon mijin ma ba zai iya faɗa a gaban kotu ba. Sai dai ita ta nemi kul'i ta mayar da sadaki, in tana so ke nan, don sau da yawa ta riga ta ga inda ake ce mata sannu. In kuwa ciki ya shiga a daren nan guda, idda sai ta haihu, ɗa kuma na mai shimfiɗa ne. Tsohon miji zai yi wata tara yana ƙirga kwanaki, a ƙarshe a yanka ragon suna a gidan wani.

Wassalam.

Naku,
Wani almajirin fiƙihu, Zariya