A Bar Kalangu Ya Yi Magana da Bakinsa

Malam Edita, assalamu alaikum. Ka ɗan sam mini fili a jaridarmu mai farin jini in kai ƙarar masu situdiyo.

Na fi shekara 20 ina ɗaukar sauti a gidan rediyo kafin in yi ritaya. Watan jiya na raka wani dattijo makaɗi da 'yan amshinsa huɗu wani situdiyo a nan Jos. Yaron da ke gaban kwamfuta ya raba su: dattijo shi kaɗai a wani akurkin ɗaki da aka liƙe da soso, 'yan amshi kuma su dawo gobe. Ya ɗauki 'yan bugu na kalangu ya ce sun isa, kwamfuta za ta maimaita. Sannan ya ɗora fiyano, ya bi muryar da Auto-Tune, wato manhajar da ke daidaita muryar mawaƙi. Da aka kunna mana, dattijo ya yi tsit, can ya ce, "Ɗana, wane ne wannan?"

Kalangu fa magana yake yi. Makaɗi yana matse tsirkiya a hammatarsa, murya ta hau, ya sassauta ta sauka, kuma idonsa na kan bakin mawaƙi. 'Yan amshi su ma numfashin ubangidansu suke bi su cafe. In ka raba su ɗaki ɗaki, me ya rage?

Kada a ce mini haka zamani ya zo. A Amurka akwai kamfanin faifai mai suna Chesky Records, wanda 'yan'uwa biyu suka kafa a 1986. Su sukan nemi coci ko zaure mai amo mai daɗi, su tara makaɗa gaba ɗaya, su kafa makirfo a wuri guda, a yi waƙa a tashi ɗaya. Wanda kiɗansa ya yi ƙarfi ya ja baya, mai sanyin murya ya matso, shi ke nan gyaran. Wani lokacin ma a kunnuwan kan mutum-mutumi suke sa makirfo, don mai saurare ya ji kamar yana zaune a wurin. Dabarar giciya makirfo biyu a wuri guda kuwa tun 1931 wani injiniya, Alan Blumlein, ya fito da ita a Ingila, ta girmi kakan yaron nan.

Marigayi Ɗan Maraya Jos, da Allah Ya yi wa rasuwa a 2015, da kuntigi mai tsirkiya ɗaya ya zaga duniya. Wa ya taɓa cewa kiɗan nan na neman ciko?

Na san da wahala. Kuskure ɗaya sai a sake daga farko, ga ƙugin janareta, ga hon ɗin 'yan Keke. Amma na gwada. Na mayar da dattijon soron wani abokina a Gangare, ginin ƙasa mai rufin azara, da sassafe kafin gari ya tashi. Sanyi ya sa sai da muka jira hannunsa ya saki. Makirfo biyu, na'ura mai batir, tabarma a ƙasa. A faifan har ana jin inda ya yi gyaran murya, da dariyar wani ɗan amshi da ya kusa shiga kafin lokaci. Sau uku ya ce a sake kunna masa.

Yanzu mai goge nake nema, da mai garaya. Soron yana nan, batir ma na saya.

Naka,
Tsohon ma'aikacin rediyo,
Unguwar Rogo, Jos.