Ba ƙura kaɗai ke sa kwamfuta zafi ba

Malam Edita, assalamu alaikum.

Na karanta shawarar da kuka buga cewa a riƙa hure ƙura ana duba fanka don kada kwamfuta ta yi zafi. Gaskiya ne, kuma mu mutanen Garwa da ke shan digiri 40 da ɗoriya a watan Afrilu ba sai an ja mana bayani ba. Amma akwai zafin da ko da ruwan Binuwai ka wanke fanka ba zai sauka ba, shi ne ya wahalar da ni kusan shekara guda.

Shagon buga takardu gare ni, ina kuma juye tsofaffin kaset na wa'azi zuwa waya. Kwamfutar tsohuwa ce, Linux Mint ne tsarin da ke tafiyar da ita, batirin sola ke riƙe ta in an ɗauke wuta. Ko babu kowa a shago fankarta ba ta yin shiru, ƙasanta kamar kaskon ƙosai. Sau biyu mai gyara ya buɗe ta, ya hure, ya sake man da ake shafa wa furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, kowane zuwa sefa 2000.

Sai da ɗan yayata mai karatu a jami'ar Ngaundere ya zo hutu. Ya buga top, umarnin da ke nuna ayyukan da kwamfuta ke yi, allo ya nuna furosesa ba ta aikin komai. Na ce to me ke shan wutar? Ya ce, "Kawu, zaman banza daban, barci daban." Ashe idan aiki ya ƙare, kanel, wato zuciyar Linux, ita ke zaɓa wa furosesa irin barcin da za ta yi. Barcin da ake kira C1 gyangyaɗi ne, da an taɓa ta ta farka. C6 barci ne mai nauyi, har wuta ake janye wa wani sashenta, sai dai tashinsa ya fi jinkiri. Kanel tana kintatar tsawon hutun ne kafin ta zaɓa, kamar mai gadi da ke auna ko ya miƙe a tabarma ko ya jingina da bango kawai.

Ya sa powertop, manhajar duba shan wuta da kamfanin Intel ya fitar a 2007, muka ga C6 sifili. Ya leƙa fayil ɗin current_driver, wanda ke faɗin direba, wato manhajar da ke kula da barcin, aka rubuta none, wato babu. Daga nan ya buɗe /etc/default/grub, fayil ɗin saitin GRUB, manhajar da ke tayar da Linux in an kunna kwamfuta, sai ga idle=poll zaune a layi. Wannan umarnin yana hana furosesa runtsawa sam, ta yi ta zagaye tana duba ko aiki ya zo.

Ya tambaya ko wa ya rubuta shi. Na yi shiru. Ni ne, bara, da sauti ke tsinkewa ina juye kaset, na kwafo daga intanet na manta. Muka goge, ya buga update-grub don gyaran ya zauna, muka sake kunnawa. Kafin la'asar na ji ƙarar agogon bango a shagona.

Yanzu ranar juye kaset kawai nake danna e a allon farko na GRUB in ƙara umarnin, da an kashe ya tafi. Ina roƙo ku ƙara wannan cikin shawararku, don masu gyara su duba barcin furosesa kafin su ɗauki sukundireba. Nawa mai gyaran dai ban nemi kuɗina ba, kunya ba ta bar ni na ba shi labarin ba.

Naka,
Mai shagon buga takardu, Garwa, Kamaru