Ba duk wanda ya zaɓi ficewa ne jahili ba

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, a ba ni ɗan fili in tanka wa baƙon da kuka tattauna da shi kan ficewar Birtaniya daga Tarayyar Turai, wanda ya ce jahilci da ƙin baƙi ne kawai suka jawo ta. Ya yi kuɗin goro.

A Sunderland, wani birni a arewacin Ingila, nake zaune, kuma na kaɗa ƙuri'a a zaɓen raba gardamar da aka yi ranar 23 ga Yunin 2016, tunda ƴan ƙasashe rainon Ingila mazauna nan suna da wannan damar. Zama cikin Tarayyar na zaɓa. A Sunderland kuwa kashi 61 cikin 100 ficewa suka ce.

Maƙwabcina dattijo ne, ya yi aikin walda a wurin ƙera jiragen ruwa har aka rufe na ƙarshe a 1988. Da na ga takardar ƴan ficewa manne a tagarsa, sai na ɗauke masa gaisuwa, kusan wata huɗu, ni da aka tarbiyyantar kan haƙƙin maƙwabtaka! Wata safiya cikin sanyi na leƙo, na tarar ya jawo mini kwandon sharata bakin titi, ashe ranar kwasa ce na manta. Kunya ta kai ni ƙofarsa. Muka sha shayi, ya yi ta zuba, bai ambaci baƙi ba sai da na tono. Abin da ke cin ransa shi ne, kusan shekara 30 manyan Landan ba su waiwayi mutanen garin ba, ranar da aka tambaye su kuwa suka huce haushi.

Ba wanke kowa nake yi ba. An kashe ƴar majalisa Jo Cox, mai goyon bayan zama, mako guda kafin zaɓen. An yaudari mutane da jar motar kamfen ɗin ƴan ficewa mai alkawarin fam miliyan 350 duk mako ga asibitoci. Ni kaina an ce mini in koma garinmu a tashar bas.

Roƙona, in za ku sake shirin, ku nemo irin maƙwabcina, ku haɗa shi da mutumin Sikotland, inda kashi 62 suka zaɓi zama amma aka fice da su ranar 31 ga Janairun 2020. Ku bar kowa ya kai aya. Dattijon nan har yau bai sauya ra'ayi ba, ni ma haka, kuma shi ke tuna mini ranar shara.

Naku,
Mai sauraro daga Sunderland