Amsa ga Alhajin da ya jera mahaifina da ’yan bindiga

Assalamu alaikum, Alhaji.

Ranar Asabar, a taron tunawa da Malam Aminu Kano, ina saukowa daga jawabi ka karɓi lasifika ka jefo mini tambaya a bainar jama’a. Wai in har tawaye abin yabo ne, me ya raba ’yan NEPU, tsohuwar jam’iyyar su Malam Aminu, irin mahaifina da ’yan bindigar dazukan Zamfara? Ka ƙara da cewa mai cin albashin gwamnati irina ba shi da bakin wannan magana. Aka yi shewa, aka kira salla, taro ya watse. To ga amsarka, ranka ya daɗe.

Zancen albashi ba zai ɗauke ni lokaci ba. Duk wanda ya san abin da malamin makaranta ke karɓa a ƙarshen wata ba zai kira shi toshiyar baki ba.

Mahaifina ne abin da ya tsaya mini a rai. Tela ne, keke ɗaya gare shi a rumfar kasuwa. Ya yanki katin NEPU ’yan shekaru bayan an kafa ta a Kano ranar 8 ga Agusta, 1950. Dogarai suka kama shi saboda ya tara mutane ba da izini ba, kuma ya gaida hakimi a tsaye. Alƙali ya sa aka yi masa bulala a fili, ya yi wata uku a gidan yari. Bai taɓa ba mu labarin ba. Ni da idona na ga tabon a bayansa ranar da muka yi masa wanka. Wannan bawan Allah ka ɗauka ka ajiye kusa da masu sace amarya da ƙawayenta a kan hanya.

Kana son bambanci? Mahaifina bai taɓa ɗaukar ko akuyar wani ba. Wanda ya fi shi ƙarfi ya tunkara, da baki da ƙuri’a, kuma jikinsa ne ya biya. Abin da suke kuka a kai haraji ne da jangali da aikin tilas, har Allah ya sa Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna suka soke haraji da jangali a 1979. Ɗan bindiga kuwa, manomi yake sa wa haraji kafin ya bar shi ya girbe gonarsa. Ka ga ashe ba NEPU ya gada ba, waɗanda suka yi wa NEPU bulala ya gada.

Abin ma da ya ba ni mamaki, kai ne fa kullum kake tunatar da mu cewa kakanka ya bi tutar Shehu. A 1804, da Shehu Usmanu ya yi hijira zuwa Gudu, me kake jin ana kiransa a fadar Yunfa, Sarkin Gobir, a Alƙalawa? Ko kuwa tawayen da ya yi nasara har jikoki suka samu rawani shi ne halal?

Ban ce don neman shiga ka yi tambayar ba, ko da yake na lura kyamara tana kanka kuma zaɓe ya matso. Amma ku ne dai kowace shekara a sahun gaba a irin wannan taro, da babbar riga da hoton Malam a ƙirji. Gambo Sawaba, jarumar NEPU, ta yi ta shiga kurkuku tana fita, yau sunanta ya zama abin ƙawata jawabi a bakin mutanen da ba za su yarda ’yarsu ta yi musu gardama a tsakar gida ba. Tsofaffin da suka sha dukan kuwa, ’yan kaɗan da suka rage, ranar nan a bayan rumfa na gan su a tsaye, kujerun sun ƙare.

Keken ɗinkin yana ɗakina har yau, katin yana cikin aljihunsa. In ka ga dama ka zo ka gani, ba sai da kyamara ba.

Wassalam,
Ɗan tela