Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga kamfanin manhajar kalanda: tunatarwarku ta daina ƙara

Zuwa ga shugabanni da injiniyoyin kamfanin,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Ni mai gyaran waya ne a Maradi, kuma ina cikin waɗanda suka ɗora wa jama'a manhajarku saboda ba ta da nauyi, tana kuma aiki ko babu intanet. Shi ya sa yau ƙorafin kan teburina yake sauka. Na rubuto muku ta adireshin taimakonku, amsar da ta dawo ba ta taɓa tambayata ba, don haka na fito fili.

Tun da wayoyi suka fara karɓar sabon Android, tunatarwarku ta zama abin da ba a dogara da shi. Wani lokaci ta yi ƙara bayan sa'ar ta wuce, wani lokaci ta yi tsit. Alƙawarin yana nan rubuce, alamar ƙararrawa tana gefensa kamar komai lafiya. Akwai dattijon da ɗansa ya saka masa lokutan shan maganin hawan jini, akwai mai juna biyu da ranar awonta ta wuce, akwai ɗan kasuwa mai jiran kaya daga Katsina ta hanyar garin Ɗan Isa, akwai uwar adashi. Duk sun sauke nauyin tunawa daga kansu ne domin kun ce za ku ɗauka.

Kada a ce mana laifin sabuntawa ne, domin canjin bai zo a ɓoye ba. Tun Android 6 a 2015, wayar da aka ajiye allonta a kashe, ba ta kan caji, takan shiga barci don tattalin batir, kuma tunatarwar da ba a ɗaure ta da takamaiman lokaci ba sai ta jira wayar ta farka. Android 12 a 2021 ya kawo izini na musamman ga manhajar da ke son yin ƙara daidai kan minti. Android 13 a 2022 ya ce sabuwar manhaja ba za ta aiko sanarwa ba sai mai waya ya yarda. Android 14 a 2023 ya daina ba sababbin manhajoji izinin minti kai tsaye. An kuma bar wa manhajojin kalanda da agogo wata ƙofa tasu ta samun wannan izini ba tare da wahalar da mai waya ba. Shekaru kuka samu na shiri. Me ya hana ku bin ƙofar?

Abin da ya fi sosa mini rai shi ne shawarar da kuke bayarwa: a goge manhajar a sake ɗorawa. Ranku ya daɗe, wannan ce take ƙarasa ɓarnar. Manhajar da ke da izini tun kafin sabuntawa takan wuce da izininta. Da zarar an goge ta an maido, waya na kallonta a matsayin baƙuwa, sanarwa a rufe, izinin minti a rufe. Wanda bai ajiye kalandarsa a wani asusu ba kuma ya rasa duk abin da ya rubuta. An je neman ƙiba an samo rama.

Ga abin da nake yi a shago, ko zai amfani masu karatu kafin ku motsa. Ina shiga saitunan manhajar in buɗe sanarwa, in duba ko sautin bai koma shiru ba. Daga nan in nemi sashen izini na musamman, wanda a wayoyinmu masu Faransanci aka rubuta « Alarmes et rappels », in kunna shi. Sai batir: a cire wa manhajar takunkumi. Wannan ya fi damun mu a nan, domin a zafin Afrilu da Mayu, in ana yawan ɗauke wuta, kusan kowa yana kunna tattalin batir. Ina kuma duba yankin agogo. Na ga wayoyin da ke kan lokacin Faransa, wanda daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba yake gaban na Nijar da awa guda, mu kuwa ba ma sauya agogo. Bayan duk wannan, sai na buɗe alƙawuran ɗaya bayan ɗaya na sake ajiye su. Dalili kuwa, kashe waya da kunnawa yana share ƙararrawar da aka tsara, aikin manhaja ne ta sake jera su in waya ta tashi, kuma taku ba kullum take yi ba.

Wa zai ce dattijon da ko karatun boko bai yi ba ya bi wannan hanya shi kaɗai? Kuma kuɗin da yake ba ni na gyara, da na data da ya ƙone wajen sabuntawa, na abin da ba shi ya ɓata ba ne.

Manhajarku tana iya tambayar waya ko tana da izinin yin ƙara kan lokaci, Android ya tanadi hanyar. Idan ba ta da shi, ta faɗa da manyan baƙaƙe a shafin farko, ta kai mutum wurin da zai kunna, da Faransanci, in da hali da Hausa. Ku janye shawarar gogewa daga shafin taimakonku tun yau. Ku gyara sake jera ƙararrawa bayan waya ta tashi, ku gwada gyaran a kan ƙananan wayoyi masu araha irin waɗanda ke hannun mutanenmu, ku kuma sanar da ranar da zai fito. Kafin nan, duk wanda ya zo mini da zancen magani ko asibiti, agogon wayar nake saka masa.

Wassalam,
Mai gyaran waya, Maradi