A tuna da Janar Carl von Horn

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Duk lokacin da jaridarku ta taɓo rikicin Kwango, Ironsi kaɗai ake ambata. Ni tsohon malamin tarihi ne, abin yana damuna. Wanda ya fara jagorantar dakarun Majalisar Ɗinkin Duniya a can, a 1960, Manjo Janar Carl von Horn ne, ɗan ƙasar Suwidin, haifaffen 1903. Daga Birnin Ƙudus aka ɗauko shi, inda yake sa ido kan tsagaita wuta tsakanin Larabawa da Isra'ila tun 1958. Mutum ne marar ɓoye-ɓoye: a 1963 ya ajiye aikin jagorantar tawagar sa ido ta Majalisar a ƙasar Yaman, yana kukan an bar shi ba kayan aiki. Ironsi sai 1964 ya hau kujerar jagorancin dakarun a Kwango. Von Horn ya rasu a 1989.

Naku,
Mai karatu daga Zariya