Ɓarakar Tsaro a Manhajar Tsara Kasafin Kuɗin Kamfanoni

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili in ja hankalin shugabannin kamfanoni kan ɓarakar tsaro a manhajojin da ake tsara kasafin kuɗi da hasashen riba da su.

A ƙarshen 2019 aka bayyana irin wannan ɓaraka a manhajar IBM Planning Analytics, wadda ke bai wa baƙo damar shiga a matsayin babban mai kula ba tare da kalmar sirri ba, sannan ya bai wa kwamfutar duk umarnin da ya ga dama. Masana na auna munin ɓaraka daga 0 zuwa 10, wannan kuwa ta haura 9. Duk wanda ya kutsa ta nan, albashin ma'aikata da ribar da ba a sanar ba suna tafin hannunsa, kuma abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne yana iya sauya lamba ɗaya a jadawali ya fice, a ci gaba da yanke shawara a kan ƙarya.

An fitar da gyara, amma na sha ganin akanta ya hana a sabunta manhaja saboda ana rufe lissafin ƙarshen wata, daga nan sai maganar ta bi ruwa. Irin wannan sakaci ne ya jawo wa Equifax, kamfanin Amurka mai tattara bayanan bashin jama'a, satar bayanan mutum kusan miliyan 147 a 2017. Ina kira ga daraktocin kuɗi su tambayi ma'aikatansu yau yaushe aka sabunta manhajarsu, kuma ko a buɗe take ga intanet.

Naka,
Mai karatu